Vigabatrin da haɗarinsa ga gani

Vigabatrin maganin farfaɗiya ne da ba a bayarwa sai da takardar likita. An fi saninsa da sunan Sabril, kuma yana zuwa a ƙwaya ko a gari mai miligiram 500 da ake narkarwa a ruwa. Birtaniya ta amince da shi a 1989, Amurka kuwa sai a 2009, kuma illar da yake yi wa ido na cikin dalilan wannan jinkiri.

A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira GABA, wanda ke lafar da jijiyoyi idan sun yi zumuɗi. Vigabatrin yana dakatar da abin da ke rusa sinadarin, sai ya taru, jijjiga ta ragu. Ana ba da shi ga jarirai 'yan wata 1 zuwa shekara 2 masu wata irin zabura mai zuwa a jere, wadda likitan Ingila William West ya bayyana a 1841 bayan ya gan ta a jikin ɗansa. Ana kuma ƙara shi a kan wasu magunguna ga masu farfaɗiyar da ke tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa, idan ta gagari sauran magunguna.

Illar ido

A 1997 aka fara ba da rahoton cewa wasu masu shan sa sun rasa ganin gefe. Maganin yana lalata shimfiɗar da ke can bayan ƙwayar ido, wadda likitoci ke kira ratina. Ɓarnar takan fara daga gefe a idanu biyu, tana matsowa ciki. Abin da mutum ke hanga da wutsiyar ido shi ne ke fara ɓacewa, idan ta yi tsanani kuwa sai ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Takardar gargaɗin maganin a Amurka ta ce hakan na samun kashi 30 cikin 100 na manya masu shan sa, ko fiye.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda take zuwa shiru. Tsakiyar gani yakan daɗe lafiya lau, mutum yana karatu, yana gane fuskoki, yana juya kai don cike giɓin ba tare da ya ankara ba. Sai ya fara cin karo da bakin ƙofa, ko mota ta ɓullo masa daga gefe bai gan ta ba. Jariri kuwa ba shi da bakin faɗa. Ganin da ya tafi ba ya dawowa ko an daina shan maganin. Haɗarin yana ƙaruwa da yawan abin da aka sha da tsawon lokaci, amma ba a san wani adadi da babu haɗari a cikinsa ba, kuma ɓarnar na iya farawa cikin makonni.

Saboda haka ƙa'idar Amurka ta tanadi gwajin ido kafin a fara, ko cikin makonni 4 na farko, sannan duk bayan wata 3, da kuma wata 3 zuwa 6 bayan an daina. Babba ana auna masa faɗin ganinsa da na'ura. Jariri ba zai iya bin umarni ba, don haka akan auna yadda ratinarsa ke amsa haske. Gwajin ba ya hana ɓarna, yana dai taimakawa a tsaya kafin ta yi nisa. An kuma sa wa maganin wa'adi: idan babba bai ga sauƙi a wata 3 ba, ko jariri a makonni 2 zuwa 4, sai a janye shi.

Duk da haka likitoci ba su yi watsi da shi ba, kuma suna da hujja. Zaburar jarirai idan aka bar ta tana tauye girman ƙwaƙwalwa, vigabatrin kuwa yana aiki sosai a kanta, musamman ga yara masu cutar gado da ake kira tuberous sclerosis.

Sauran illoli

Yana kawo yawan barci, kasala, jiri da ƙiba, wani lokaci ƙarancin jini ko kumburin ƙafa. A wasu jarirai hoton ƙwaƙwalwa na MRI yakan nuna sauye-sauye da galibi ke gushewa. Kamar sauran magungunan farfaɗiya, yana iya jawo ƙunci da tunanin kashe kai. Ta ƙoda yake fita, don haka ana rage wa mai ciwon ƙoda adadin. Ba a daina shi farat ɗaya, domin farfaɗiyar na iya dawowa da ƙarfi. Likita ne ke rage shi sannu a hankali.