Ingancin tarihi a shirye-shiryen talabijin na yaƙi

Ingancin tarihi a shirye-shiryen talabijin na yaƙi batu ne da ya shafi dacewar abin da mai kallo ya gani, ya kuma ji, a shirin tarihi da ake kira dokumantari, da abin da ya auku a fagen daga. Irin wannan shiri ana gina shi ne da tsofaffin hotuna masu motsi da aka ciro daga ma'ajiya, da muryar mai ba da labari, da hirar waɗanda suka halarci yaƙin, sai kiɗa da ƙarar makamai da ake ɗorawa daga baya. Kowanne daga cikinsu hanyarsa daban, a ɗakin haɗa hoto suke gamuwa, kuma yawancin matsalar daga nan take tasowa. An ce gani ya kori ji, shi ya sa mai kallo ke ɗauka cewa hoton da ke gabansa hujja ce ta maganar da ke shiga kunnensa. Sau da yawa kuwa maganar daidai take, amma hoton na wata rana ne, ko na wata ƙasa, ko ma kwaikwayo ne aka yi a bayan fage.

Asalin hotunan

Kafin talabijin ta zo, gwamnatocin da ke yaƙi ne suka ɗauki mafi yawan hotunan da ake amfani da su yau, kuma don farfaganda suka ɗauka. Misalin da masana suka fi bin diddiginsa shi ne fim ɗin The Battle of the Somme na 1916, kan wani babban gumurzu na Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa, wanda Geoffrey Malins da John McDowell suka ɗauka wa Birtaniya. An sayar da tikiti kusan miliyan 20 cikin makonni shida na farkon nuna shi. A cikinsa akwai hotuna na gaskiya, kamar tashin nakiyar da aka binne a ƙarƙashin Hawthorn Ridge da safiyar 1 ga Yuli 1916, ranar da aka kashe sojojin Birtaniya fiye da 19,000. Sai dai ɗan gutsuren da ya fi shahara a fim ɗin shiri ne. Ana ganin sojoji suna haurowa daga rami, ɗaya ya sulale ya koma ciki kamar an harbe shi, sauran su tsallaka waya mai ƙaya su shige cikin hayaƙi. Ramin ba shi da zurfin ramin bakin daga, sojojin ba su ɗauke da kaya masu nauyi irin na masu kai farmaki, mai kyamara kuma yana tsaye a inda harsashi ba zai bar mutum ya tsaya ba. Masana sun tafi a kan cewa a filin horo aka ɗauke shi, nesa da abokan gaba. Duk da haka, gidajen talabijin sun yi ta maimaita waɗannan 'yan daƙiƙoƙi tsawon shekaru, har suka zama su ne hoton Yaƙin Duniya na Ɗaya a zukatan mutane.

Dalilin yin kwaikwayon ba ɓoyayye ba ne. Kyamarar lokacin katuwa ce mai ƙafa uku, da hannu ake juya ta, ba ta ɗaukar hoto da dare, kuma gumurzu na gaske idan an hango shi daga nesa ba a ganin komai sai ƙura da 'yan ɗige-ɗige. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙaramar kyamarar Eyemo da masu ɗaukar hoton soja ke riƙewa fim ɗin kimanin minti ɗaya take ci kafin a sake mata wani. Saboda haka aka cike giɓi. Hotunan farmakin dare na El Alamein da ke Masar a fim ɗin Desert Victory na 1943, wasunsu a sutudiyon Pinewood da ke Ingila aka ɗauke su. Fim ɗin December 7th na John Ford da Gregg Toland ya sake shirya harin da Japan ta kai wa sansanin Amurka na Pearl Harbor, da ƙananan jiragen wasa, daga baya kuma masu shirye-shirye da dama suka yanko gutsattsarinsa suka saka a matsayin harin kansa.

Hotunan Jamus ta zamanin Hitila sun fi haɗari, domin kyawunsu yana ruɗi. Tankoki a jere, sojoji tsaf-tsaf, kamar rundunar duk a mota take, alhali mafi yawan rundunonin ƙasan Jamus da dawakai suke jan kayansu har ƙarshen yaƙin. A watan Mayu 1942 masu ɗaukar hoton Jamus sun shiga unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw, suka tilasta wa wasu su yi ado su zauna a teburin abinci, don a nuna wai masu kuɗinsu ba su damu da matalautansu da ke mutuwa a titi ba. An daɗe ana yankar wannan fim ana sakawa a shirye-shirye kamar rahoto, sai da aka gano wani faifai mai ɗauke da ragowar ɗauka, inda ake ganin ana maimaita fitowa ɗaya sau da dama. Shirin A Film Unfinished na Yael Hersonski, na 2010, a kan wannan aka gina shi.

Manyan jerin shirye-shirye

Jerin The Great War na BBC kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai kashi 26, ya fito a 1964. Ya yi farin jini ƙwarai, amma masu haɗa shi sun cakuɗa hotunan gaske da na kwaikwayo ba tare da sun bambance ba, sun kuma juya wasu hotuna don sojojin ƙawance su riƙa fuskantar dama, Jamusawa su fuskanci hagu, kamar yadda suke a taswira. Noble Frankland, shugaban gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan, wanda daga ma'ajiyarsa aka samo hotuna da yawa, bai ji daɗin wannan cakuɗa ba.

Shi Frankland ɗin ne ya zama babban mai ba da shawara kan tarihi a jerin The World at War na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Jeremy Isaacs ya shirya wa tashar Thames, aka nuna daga 1973 zuwa 1974. Shi ma kashi 26 ne, Laurence Olivier ne ya karanta sharhinsa, an kuma kashe masa kimanin fam 900,000. An tsananta bincike kan asalin kowane hoto, kuma har yau da shi ake auna sauran. Amma ko shi akwai babban giɓi a cikinsa wanda ba laifin masu shirin ba ne. Bai ambaci yadda Birtaniya ke karanta saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park ba, domin wannan sirri sai a 1974 ya fito fili. Bayanin da ya yi kan yaƙin jiragen ƙarƙashin teku a Atlantika, alal misali, ya rasa ɗaya daga cikin manyan dalilan nasarar. Wannan na nuna cewa shiri na iya zama sahihi a shekarar da aka yi shi, buɗe wata ma'ajiya ya mai da shi tsohon yayi.

Ganau

Hira da 'yan mazan jiya ita ce ke ba shiri rai, mai kallo kuma yakan sakankance da ita don ganau ne ke magana, ba jiyau ba. Amma soja abin da ke gaban raminsa kawai ya gani, kuma bayan shekara talatin ko hamsin abin da ya gani yakan gauraya da abin da ya karanta ko ya kalla. Hoton sojojin Amurka suna kafa tuta a tsibirin Iwo Jima na Japan, na 23 ga Fabrairu 1945, ya isa misali. Mutum shida ne a ciki, amma sai a 2016, sannan a 2019, rundunar da abin ya shafa ta amince cewa an yi kuskuren sunayen biyu daga cikinsu.

Mantuwa daban, wanke kai daban. Albert Speer, ministan makaman Hitila, ya fito daga kurkukun Spandau a 1966 bayan shekara 20, ya zama baƙon da masu shirye-shirye ke rububinsa. Dattijo ne mai natsuwa, mai iya zance, yana amsa laifi a dunƙule yana musanta shi a warware, yana cewa bai san ana kisan ƙare dangi ba. Bincike bayan mutuwarsa a 1981 ya tabbatar da hannunsa a korar Yahudawa daga gidajensu a Balin da kuma aikin tilas da aka saka miliyoyin mutane. Kyamara dai ba ta yi ƙarya ba, abin da ya faɗa ta ɗauka. Matsalar ita ce talabijin ba ta da gefen shafi inda za a rubuta gyara, kuma fuskar mai magana ta fi kowane sharhi tasiri.

Sauti da launi

Hotunan Yaƙin Duniya na Ɗaya duka bebaye ne, haka ma mafi yawan na bakin daga a na Biyu. Duk ƙarar igwa, kukan jirgi da takun takalma da ake ji, a sutudiyo aka ɗora su, kuma ba kasafai ake faɗa wa mai kallo ba. An saba da wannan har ba a ƙirga shi cikin kurakurai, ko da yake ƙarar fashewa kan zo daidai da walƙiyarta, abin da ba ya faruwa ga wanda ke kallo daga nesa.

Saka launi ya fi jawo gardama. Jerin Apocalypse na Faransa, na Isabelle Clarke da Daniel Costelle, wanda ya fito a 2009, ya rina hotunan Yaƙin Duniya na Biyu, amma ya bar na kisan ƙare dangin Yahudawa a baƙi da fari. A 2018 Peter Jackson ya ƙara gaba a They Shall Not Grow Old: ya daidaita saurin hotunan Yaƙin Duniya na Ɗaya da kwamfuta, ya saka launi, ya kuma ɗauko masu karanta motsin leɓe don a gano abin da sojojin ke faɗa, 'yan wasa suka maimaita. Masu goyon baya sun ce an dawo wa mutanen da mutuntakarsu, sun daina tafiyar nan ta tsalle-tsalle mai ban dariya. Masu suka, musamman ma'aikatan adana fina-finai, sun ce launin kaki ana iya bincikensa, amma launin ido ko na laka a wata safiya ta 1917 hasashe ne, kuma hoton da kwamfuta ta ƙirƙiro don cike tsakanin hotuna biyu babu kyamarar da ta taɓa ɗaukarsa.

Abin da aka bari a waje

Shiri na iya zama babu kuskure ko ɗaya a jimlolinsa, amma ya karkata ta wajen zaɓi. Inda aka fi samun hotuna, nan labari ke zama. Shi ya sa yammacin Turai ke cinye lokaci, alhali mafi yawan sojojin Jamus da suka mutu a fagen gabas suka mutu, wajen yaƙi da Tarayyar Sobiyet. Rundunar Indiya mai mutum kusan miliyan biyu da rabi, da runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, ɗan gurbi kaɗan suke samu idan ma an ambace su. A Amurka, jerin The War na Ken Burns kan Yaƙin Duniya na Biyu ya gamu da ƙorafi a 2007 saboda rashin sojoji 'yan asalin Latin Amurka, har aka ƙara wasu hirarraki kafin a nuna shi. Jerinsa na baya, The Civil War na 1990 kan yaƙin basasar Amurka, wanda mutum kusan miliyan 40 suka kalla, an soke shi kan yawan filin da ya ba marubuci Shelby Foote, wanda ke sassauta matsayin bauta a cikin musabbabin yaƙin. A Faransa kuwa tashar gwamnati ce ta ƙi nuna Le Chagrin et la Pitié na Marcel Ophuls, kan haɗin bakin wasu Faransawa da Jamusawa 'yan mamaya, sai a 1981, fiye da shekara goma bayan kammala shi.

Ƙararraki da janye shiri

A Janairun 1982 tashar CBS ta Amurka ta nuna shirin da ya zargi rundunar Janar William Westmoreland, kwamandan sojojin Amurka a Biyetnam, da rage adadin abokan gaba da gangan a rahotanninta kafin farmakin Tet na 1968 a Biyetnam. Janar ɗin ya kai ƙara yana neman dala miliyan 120. Binciken cikin gida na CBS ya gano an saɓa wa wasu ƙa'idojin tashar wajen yin hira da yanke ta, amma tashar ta tsaya kan jigon zargin, kuma a Fabrairun 1985 Westmoreland ya janye ƙarar ba tare da an biya shi ko sisi ba. A Kanada, jerin The Valour and the Horror na 1992 ya fusata tsofaffin sojojin sama kan yadda ya bayyana ruwan bama-bamai a biranen Jamus. Wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kansa, tsofaffin sojojin kuma suka shigar da ƙarar dala miliyan 500 ta Kanada, wadda kotu ta kora. CNN ita ce ta sha kunya sosai: a Yunin 1998 ta ce sojojin Amurka sun yi amfani da iskar sarin mai guba a Laos a 1970, cikin wata guda ta janye rahoton, ta kuma sallami furodusoshi biyu.

Ƙa'idojin aiki

A Birtaniya, dokar Ofcom, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta hana shirin da ya danganci gaskiya ya ɓatar da mai kallo ta hanyar da za ta cutar, ƙa'idojin BBC kuma sun nemi a bayyana kwaikwayo a inda zai iya ruɗar da mutane. Manyan shirye-shirye kan ɗauki mai binciken ma'ajiya, wanda aikinsa shi ne bin lambar kowane faifai zuwa takardar da mai ɗaukar hoton soja ya cike, mai nuna rana da wuri da runduna. Idan takardar ta ɓace, sai a koma ga abin da ke cikin hoton: samfurin tanka, alamar kafaɗa, ganyen itatuwa, tsawon inuwa. Ta haka ake gane cewa tankar da aka saka a labarin 1940 sai a 1943 aka fara ƙera irinta. Mai ba da shawara kan tarihi kuwa galibi rubutun sharhi ake ba shi ya duba, ba ya zama a ɗakin haɗa hoto, kuma sunansa a ƙarshen shiri ba ya nufin ya ga kowane gutsuren da aka saka.