Alala, alkubus da dambu a Makka: tambayoyin da mata ke ta yi min kan abin taɓawa na turarawa

Tunda likita ya ce wa maigidana sukarinsa ya hau kuma ya rage maiƙo na kife kaskon suya na koma tukunyar turarawa, to kinsan zaman unguwa, duk wadda ta shigo ta tarar da alala ko alkubus maimakon sambusa da lugaimat sai tambaya ta tashi. Ga waɗanda aka fi yi min da amsar da nake bayarwa.

Wai Hajiya da gaske turarawa ta fi suya lafiya ko dai yayi ne kawai?

Ta fi, amma a wuri ɗaya ne, wato mai. Babban cokali ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, sambusa kuwa iyo take a cikinsa ta sha iya shanta, shi kuma abin da aka turara tururin ruwa ne ya dafa shi, man da kika zuba da hannunki shi ne kawai a ciki. Inda muke cutar kanmu shi ne bayan an sauke, za ki ga mace ta turara dambu tsaf sai ta ɗauko ludayi ta malala mai har yana ƙyalli a gefen faranti, to wallahi wannan da mai cin sambusa duk jirgi ɗaya ya ɗebo su.

Waken alala fa, a ina zan samu a nan?

Ba sai kin jira mahajjata sun zo miki da tsaraba ba. A bakala, wato kantin unguwa, ko wajen masu kayan hatsi ki ce a ba ki lubiya, fara mai baƙin ido, waken namu ne sak. In kuma kina son manja da attaruhu irin na gida sai ki leƙa wajen mutanenmu a Shara Mansur.

Ni kofi 2 nake ɗauka, in jiƙa kamar minti 10 kawai don in ya daɗe a ruwa ɓawon maƙalewa yake, in zuba a bilenda da ruwa in ɗan danna in saki sau uku ko huɗu sai ki ga ɓawon ya taso, in tace. Daga nan a ƙara jiƙa shi ya yi laushi, a markaɗa da tattasai 2 da albasa babba da attaruhu daidai bakin gidanki har sai kin murza a yatsa kin ji babu tsaki ko kaɗan. Mai cokali 3 ya isa kofi biyun nan, na san za ki ce ya yi kaɗan, gwada tukuna. Ruwan ɗumi ake sakawa ba na firji ba, ƙullin ya zama yana zuba daga ludayi amma ba tsululu ba, a buga shi sosai iska ta shiga don nan laushin yake. Ina saka dafaffen ƙwai ko kifin tuna na gwangwani wanda na tsiyaye mansa. Minti 40 zuwa 45 a kan tururi, ki soka wuƙa, in ta fito ba ƙulli ya yi, sai ki bar shi ya huce kafin ki juye don da zafinsa ɓarkewa yake.

Ni a leda na saba ƙullawa, akwai matsala ne?

Nan kam ba na sassautawa. Ledar da ake zuba miki tumatir a bakala ba don wuta aka yi ta ba, in ta haɗu da zafi da mai sinadaran jikinta na iya shiga abincin. Kofunan shayi na tangaran ko ƙananan kwanonin silba sun wadatar, ki ɗan shafa musu mai da yatsa. Gwangwanin madara da muka taso da shi ma yana yi, amma da kin ga tsatsa ki jefar.

Ba ni da madambaci.

Nima ba ni da shi. Babbar tukunyar kabsa nake zuba wa ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, in kifa ƙaramin faranti ko in jera murafan tukwane a ƙasa, in ɗora kofunan a kai yadda ruwa ba zai taɓa su ba. Na dambu kuma kwandon tace shinkafa na ƙarfe nake ɗorawa a bakin tukunya in naɗe mahaɗar da tsumma mai tsabta don kada tururi ya gudu. Ki ɗaure murfin da tawul ɗin kicin, shi zai hana ruwa ɗiga kan alkubus ya yi masa ramuka.

Alkubus ɗina kullum tauri yake kamar dutse, me nake yi ba daidai ba?

Ko dai kwaɓin ya yi tauri ko kin kashe yis da ruwan zafi, biyun nan ne kusan kullum. Garin alkamar da ake ce wa dagig bur yana shan ruwa fiye da farar fulawa, shi ya sa in kika kwaɓa shi kamar na burodi sai ya fito kamar abin jifa. Ni kofi 2 na bur da kofi 1 na fulawa nake haɗawa, yis ƙaramin cokali 2, gishiri kaɗan, sukari ƙaramin cokali ɗaya don yis ya motsa, ruwa mai ɗumin da hannunki zai iya zama a ciki. Kwaɓin ya fi na fanke kauri kaɗan, yana danƙo yana bin hannu. Abin daɗin shi ne a zafin garin nan ba ya jira, da bazara in na rufe shi na ajiye a kicin inda ba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kafin in idar da la'asar in ninke wanki ya cika roba. Ki zuba rabin kofi kawai don zai ƙara tashi, minti 20 zuwa 25, kuma don Allah kada ki riƙa buɗe murfi kina leƙe. Da miyar taushe aka san shi amma mu nan da ful, dafaffen waken Larabawa, muke ci da safe a madadin gurasar tamis, kuma ya zauna.

Dambu fa, ina tsaki ina zogale?

Shinkafar da ke gidanki ki ɗan ɓarza a bilenda ta zama tsaki, ko ki yi da jarish ɗin da Larabawa ke dafawa, alkama ce ɓarzajja, sai dai ita ki jiƙa ta kamar rabin awa. A wanke a tsane, a turara minti 20, a juye a faranti a yayyafa ruwa a warware da cokali, a haɗa da ganye da albasa da karas sannan a mayar wuta karo na biyu. Busasshen zogale da ake kawo mana daga gida sai an jiƙa shi da ruwan zafi. In babu, kabeji ko sabanik, wato alayyafon Larabawa, suna rufa asiri, duk da gaskiya ba su kai zogale ba. Ganye ya kai yawan tsakin, garin ƙuli da yaji a kai, mai cokali ɗaya a faranti.

Mai ciwon sukari zai iya cin dukkansu?

Ba ɗaya suke ba. Alala ce kan gaba don giram 100 na busasshen wake na da furotin wajen giram 23 kuma ba ya ɗaga sukari da sauri irin na farar fulawa. Alkubus da dambun shinkafa kuwa har yanzu alkama ce da shinkafa, tururi bai cire musu sitaci ba, maigidana alkubus ɗaya yake ci ya gwada sukarinsa bayan awa 2, sauran magana tsakaninsa da likitansa. Mai hawan jini kuma a kula da dunƙule, hukumar lafiya ta duniya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a yini gaba ɗaya, bai cika ƙaramin cokali ba, kuma tuna ta gwangwani da nata gishirin ta zo.

Kwana nawa yake yi? Ina so in tafi da shi Harami don buɗa baki.

Alala ba ta da haƙuri da zafi. Ƙa'ida dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya, Makka kuwa da bazara 40 ma wucewa take. Na taɓa yin ta da hantsi na bar ta a kan kanta, kafin magariba ta fara yami tana yauƙi, dukka na zubar. A firji tana kwana 3, a firiza ta fi haka, in za a ci a sake turara ta ta yi zafi har ciki. Na ɗauka a jaka kuwa alkubus ya fi jurewa, shi nake naɗewa da dabino, alalar a dawo gida a same ta bayan tarawi.