Sakamakon zaɓen ƙananan hukumomin Abuja na 2022

An gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya ranar Asabar, 12 ga Fabrairu, 2022. Su ne AMAC (ta cikin birnin Abuja) da Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali. Kujeru 68 aka nema: shida na ciyaman, 62 na kansila. AMAC tana da mazaɓu 12, sauran kuwa goma-goma.

A duk Najeriya, wannan ne kaɗai zaɓen ƙaramar hukuma da ke hannun INEC, domin Abuja ba ta da hukumar zaɓe irin ta jiha. Sakamakon ma ya bambanta da abin da aka saba gani a jihohi, inda jam'iyyar gwamna kan share kujeru kakaf. A nan raba daidai aka yi. PDP ta ci AMAC da Bwari da Kuje, APC ta samu Gwagwalada da Kwali da Abaji. A AMAC, Christopher Zakka Maikalangu ne ya karɓe kujerar daga hannun APC. Abaji kuwa APC ta fi ƙuri'a, amma rikicin wanda ya cancanci tikitinta sai da ya kai kotu.

Ana tattara sakamako ne mataki-mataki. Jami'in rumfa yana ƙirga ƙuri'a a gaban wakilan jam'iyyu, ya cika fom ɗin sakamako EC8A, ya ɗauki hotonsa da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ya tura shafin IReV, inda INEC ke wallafa sakamakon rumfuna. A mazaɓa ake haɗa na rumfuna a bayyana kansila, na ciyaman kuma ya wuce cibiyar ƙaramar hukuma. Rinjaye kawai ba ya isar ciyaman, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'a a aƙalla kashi biyu cikin uku na mazaɓu. In ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, ba a bayyana kowa sai an sake zaɓe a wuraren.

Abin da ya fi kawo cikas a ranar shi ne BVAS: a rumfuna da dama ta ƙi karanta yatsa ko fuska, layi ya tsaya cik, wasu suka gaji suka koma gida. Fitowar jama'a ma ta yi ƙaranci, musamman a cikin gari. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, ta mayar da wa'adin kujerun shekara huɗu maimakon uku.