Shirin gyaran halin maza masu cin zarafin iyali ta intanet a karkarar Ostireliya

Shirin gyaran halin maza zama ne na rukuni da ake yi mako-mako da mazan da ke dukan matansu, ko tsoratar da su, ko danne su ta hanyar kuɗi da hana su mu'amala da dangi. Wasu kotu ce ke tura su, wasu kuma da ƙafarsu suke zuwa. A Ostireliya ana gudanar da wani ɓangare na shirin ta kiran bidiyo, musamman domin mazan karkara. Manufarsa ta farko ita ce tsaron matar da 'ya'yanta.

Asali

Tushen aikin yana Amurka. A 1977 aka kafa ƙungiyar Emerge a yankin Boston, wadda ake ɗauka a matsayin shiri na farko irinsa a ƙasar. Wajen farkon shekarun 1980 kuma, a garin Duluth na jihar Minnesota, Ellen Pence da Michael Paymar da abokan aikinsu suka ɓullo da tsarin da ya fi yaɗuwa. Sun saurari matan da aka ci zarafinsu, suka fahimci cewa duka reshe ne kawai, saiwar ita ce son mallake mace da juya ta. Saboda haka tsarin bai yarda da uzurin "zuciya ce ta ɗebe ni" ko "giya ce ta sa" ba. Ya kuma haɗa 'yan sanda da kotu da gidajen fakewar mata a aiki guda.

A jihar Biktoriya ta Ostireliya, ƙungiyar No to Violence ce uwar masu wannan aiki, kuma layin wayarta na ba maza shawara yana aiki tun wajen 1993. Al'amarin ya ɗauki sabon salo bayan Fabrairun 2014, lokacin da wani uba ya kashe ɗansa Luke Batty, mai shekara 11, a filin wasan kurket na garin Tyabb. Mahaifiyarsa, Rosie Batty, ta fito ta yi magana har ƙasar ta girgiza. Gwamnatin jihar ta kafa babban kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Marcia Neave, wanda ya miƙa shawarwari 227 a Maris 2016. Daga baya aka sabunta ƙa'idoji: shirin ya tashi daga mako 12 zuwa 20, mutum biyu ne ke jagorantar kowane zama, galibi namiji da mace, sannan akwai ma'aikaciyar da ke tuntuɓar matar a keɓe don jin halin da take ciki. Wannan tuntuɓa ita ce ma'aunin gaskiya, domin mutum na iya nuna nadama gaban rukuni ya koma gida yadda yake.

Matsalar karkara

Rahoton cibiyar lafiya da walwala ta ƙasar na 2019 ya nuna cewa mazauna wurare masu nisa sun ninka mazauna manyan birane sau 24 wajen kwanciya asibiti sanadin rikicin gida. Ga shi kuma a can shirin ya fi ƙaranci. Mutum kan yi tuƙin sa'o'i kafin ya kai wurin zama, aikin gona da na haƙar ma'adinai ba sa barin a halarta kowane mako, ƙwararru kaɗan ne. A ƙaramin gari kowa ya san motar kowa, kunya sai ta hana zuwa. Akwai kuma bindigogi a gonaki.

Komawa intanet

Dokar kulle ta annobar korona a 2020 ce ta tilasta gwada kiran bidiyo, kuma wasu cibiyoyi sun ci gaba da shi bayan an buɗe gari. Yawanci ana rage yawan mahalarta, a tantance kowa tukuna, a sharɗanta masa kunna kyamara da zama shi kaɗai inda iyali ba za su ji ba. Babban abin tsoro shi ne mutum ya tashi daga zama ransa a ɓace, alhali matar tana ɗaki na gaba. Ta allo kuma da wuya a gane wanda ya sha ya bugu. Raunin sabis a ƙauyuka na katse zama.

Tasiri

Ana jayayya a kai. Wasu nazarce-nazarcen Amurka sun ga ɗan ƙaramin tasiri. Binciken Mirabal na Birtaniya a 2015 ya ga duka ya ragu sosai, amma halin danniya bai ragu haka ba. Nazari kan zaman intanet bai daɗe da farawa ba.