Waiwaye: yadda aka fara cinye teku

Ranar kasuwar garinmu na tsaya wajen mai suyar kifin ƙanƙara, sai na ga kifin da a da yake yankawa gida uku yanzu biyar yake fitarwa, na ce malam lafiya kuwa? Ya ce kwalin ne ya yi tsada, dala ce. Gaskiyarsa, akwai dala a ciki, amma abin da ke damuna ya girmi maganar dala. Mu nan ƙasar Haɗeja yawancinmu ko tekun ba mu taɓa gani ba, shi ya sa muke ɗauka kifinsa ba ya ƙarewa. Wallahi yana ƙarewa.

Shi kifi ba ko'ina yake taruwa a teku ba, yana da fadamarsa. Akwai wuraren da iska ke kore ruwan sama daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da taki, ƙananan tsirrai su cika wajen, kifi ya biyo abinci. Gaɓar Peru haka take, haka ma gaɓar Muritaniya da Senegal. To nan manyan jirage suka yi dandazo tun daga shekarun 1950, jiragen da a cikinsu ake kamawa a gyara a daskarar, su yi watanni ba su dawo gida ba.

A cikin waɗannan ƙasashe Peru ce ta fara ɗanɗanawa. A 1970 sun kama wani ɗan mitsitsin kifi kusan tan miliyan 12, a 1972 ruwan ɗumin nan da ake kira El Nino ya zo ya tarar an riga an kwashi kifin fiye da ƙima, sai sana'ar ta durƙushe. Na Kanada kuwa ya fi ban tausayi. A gaɓar Newfoundland an yi kusan shekara 500 ana kama kifin kod, kaka ya bar wa jika, a 1968 kaɗai aka kwashe wajen tan 800,000, a 1992 gwamnati ta hana kamun gaba ɗaya saboda babu, mutum kusan 30,000 suka wayi gari ba sana'a, kuma sai 2024 aka ɗan sake buɗewa. Shekara 32 fa!

An yi doka kam, yarjejeniyar 1982 ta ba kowace ƙasa iko da mil 200 daga gaɓarta, amma wanda ba shi da jirgin sintiri ina zai iya tsare mil 200. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1974 kashi 10 cikin 100 na garkunan kifin teku ne ake kama su fiye da ƙima, zuwa 2021 ya haura kashi 37. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na Nouadhibou a Muritaniya da kuma Gambiya, inda masana'antu ke niƙe kifin talaka ya zama gari a fitar waje a ciyar da kifin gona da dabbobi.

Ni labarin nan bai zo min baƙo ba. Kakana masunci ne, yana ba mu labarin lokacin da sarkin ruwa ke hana su sai ranar da ya buɗe, a fito da gora da koma a kamo giwan ruwa da bargi da tarwaɗa manya. Aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, mu kuma muka ƙara da namu. Bara da idona na ga yara biyu sun ja gidan sauro a bakin kogi, suka juye 'yan ƙarfasa da ba su kai ɗan yatsa ba a cikin roba. Na ce ku mayar da su mana su girma, babban ya ɗago ya ce Baba in mun mayar, na ƙasa da mu ne za su kwashe.