Max Martin

Max Martin, sunansa na yanka Karl Martin Sandberg, marubucin waƙoƙi ne kuma furodusa ɗan ƙasar Suwidin, an haife shi ranar 26 ga Fabrairu 1971 a Stockholm. Yana cikin mutanen da suka fi kowa tasiri a kiɗan pop na duniya tun ƙarshen shekarun 1990, kuma abin mamaki mutane da dama sun haddace waƙoƙinsa tsaf amma ko hotonsa aka nuna musu ba za su gane shi ba, don shi ba ya hawa dandamali, hira da ƴan jarida ma sai da ƙyar. Aikinsa a bayan fage yake: ya ƙirƙiri kari, ya tsara kiɗa, ya zauna da mawaƙi a situdiyo har sai muryar ta fito yadda yake so.

Tasowarsa

A Stenhamra ya girma, wani ɗan gari da ke wajen Stockholm. Babansa ɗan sanda ne, mamansa malamar makaranta. Ya koyi kiɗa ne a makarantun kiɗa na ƙananan hukumomi da Suwidin ke da su don yara, kuma shi da bakinsa ya sha cewa wannan tsarin ne ya yi masa rana. Yana matashi ya shiga wata ƙungiyar rock mai suna It's Alive, shi ne mai rera musu waƙa, a lokacin Martin White yake kiran kansa, da dogon gashi da komai. Ƙungiyar dai ba ta yi wani abin kirki a kasuwa ba, amma ta dalilinta ya haɗu da mutumin da ya canza masa rayuwa.

Zamanin Cheiron

Wannan mutumin shi ne Dag Volle wanda aka fi sani da Denniz Pop, tsohon DJ ne, yana cikin waɗanda suka kafa situdiyon Cheiron a Stockholm. Akwai labarinsa da aka daɗe ana bayarwa, wai ƴan ƙungiyar mawaƙan Suwidin Ace of Base sun aiko masa kaset ɗin gwaji, ya saka a mota bai ma so waƙar ba, sai kaset ɗin ya maƙale ya ƙi fita, dole ya riƙa jin sa kullum in zai fita aiki, har dai ya gano abin da za a gyara, waƙar da ta zama All That She Wants kenan. Kunnen mutumin da Martin ya yi wa yaron shago kenan. Denniz ya ɗauke shi a Cheiron wajen 1993, shi ne ma ya laƙaba masa sunan Max Martin. Denniz bai yi karatun kiɗa mai zurfi ba amma ya san abin da ke tayar da mutane rawa a kulob, shi kuma Martin ya san ƙa'idar kiɗa, ya iya rera waƙa, sai suka cike wa juna giɓi.

Daga nan kamfanin Jive na Amurka ya fara turo musu yaransa. Backstreet Boys sun zo Stockholm tun ba a san su a gida ba, sai da suka fashe a Jamus da sauran ƙasashen Turai sannan Amurka ta waiwaye su. Martin na da hannu a manyan waƙoƙinsu, har da I Want It That Way ta 1999 wadda ya rubuta da Andreas Carlsson. Amma wadda ta ɗaga shi sama ita ce ...Baby One More Time. Da farko ƴan TLC, ƙungiyar mawaƙa mata ta Amurka, aka kai wa suka ce ba sa so, sai aka ba wata yarinya ƴar Louisiana mai shekara 16, Britney Spears. Ta fito a ƙarshen 1998, farkon 1999 ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard Hot 100, ita ce lamba ɗayansa ta farko a Amurka. Denniz Pop bai ga wannan ba, ciwon daji na ciki ya kashe shi ranar 30 ga Agusta 1998 yana da shekara 35. A 2000 aka rufe Cheiron, a 2001 Martin ya buɗe Maratone tare da Tom Talomaa.

Yadda yake aiki

A wajensa kari ne gaba, kalmomi su biyo baya. Zai fara rera karin da surutai marasa ma'ana, sannan a nemo kalmomin da gaɓoɓinsu suka zauna daidai a kai, in layi na farko gaɓa bakwai ne to na biyun ma haka, ko da nahawun Turancin zai ɗan karkace bai damu ba. Mutanensa suna kiran wannan lissafin kari. Shi ya sa za ka ji wasu baitocinsa in ka tsaya ka yi musu filla-filla ba su da wata ma'ana sosai, amma bakinka ya riga ya kama. Amshi kuwa ba a jan rai da shi, yawanci kafin a cika minti ɗaya ya shigo, kuma sau da yawa an riga an saka ɗan guntun karinsa a cikin baiti ta yadda in ya zo kunne zai ji kamar ya san shi da ma. Farkon waƙa ma so yake ka gane ta cikin daƙiƙa biyu, duk wanda ya san waƙar Britney ɗin nan ya san bugun fiyano uku da ke buɗe ta.

Wajen ɗaukar murya nan ne mawaƙa ke shan wuya. Yakan rera gwajin waƙar da muryarsa ya ba mawaƙi ya bi sak, sannan a maimaita layi ɗaya sau ba adadi, daga baya a zauna gaban kwamfuta ana tsinto kalma daga wannan ɗauka, gaɓa daga waccan, ana ɗinke su har su zama layi ɗaya mai santsi. Aiki ne mai cin rai, kuma gaskiya nan ne masu sukarsa ke samun abin faɗa, suna cewa ya mayar da waƙa kamar kayan masana'anta, duk ta zama iri ɗaya. Suna da ƴar gaskiyarsu. Sai dai da lissafin kaɗai ne sirrin da kowa ya kwafa ya huta, tun yaushe ake kwaikwayonsa ba a kamo shi ba.

Faɗuwa da dawowa

Farkon shekarun 2000 tashen ƙungiyoyin samari ya wuce, hip-hop da R&B suka karɓe rediyo, furodusoshi irin su Timbaland da The Neptunes ake yayi, aka ɗauka Martin ya gama. Sai ya koma kan jita. A 2004 shi da furodusa ɗan Amurka Dr. Luke suka yi wa Kelly Clarkson Since U Been Gone, kiɗan rock da amshin pop mai ƙarfi, ta sake buɗe masa hanya. Daga nan sai Pink, sai Katy Perry wadda ya yi wa lamba ɗaya tun 2008 kuma yake da hannu a yawancin manyan waƙoƙin albam ɗinta na 2010.

Abin da ya sa bai tsufa a sana'ar ba shi ne bai taɓa zama shi kaɗai ba, yadda Denniz ya raine shi haka shi ma yake ɗauko yara ya raina, su kawo masa sabon sauti shi ya ba su ƙwarewa. Rami Yacoub, Savan Kotecha, Ilya Salmanzadeh, Oscar Holter, da Shellback wanda ya ɗauko yana matashi mai kiɗan metal, duk ta hannunsa suka bi. Da Shellback ya yi aikin Taylor Swift lokacin da take barin kiɗan country, tun daga 2012 har albam ɗin 1989 da ya fito a 2014. Da The Weeknd kuma ya yi Blinding Lights a 2019, wadda Billboard ta ce a 2021 ita ce waƙar da ta fi kowace ƙarfi a tarihin Hot 100.

Lambobin yabo

Ya ci Grammy na furodusan shekara a 2015, an ba shi Polar Music Prize a Stockholm a 2016, an saka shi a Songwriters Hall of Fame a 2017. A 2019 aka fara wasan dandamali mai suna & Juliet a Ingila wanda aka gina kacokan kan waƙoƙinsa, ya isa Broadway, unguwar gidajen wasan dandamali ta New York, a 2022. A Janairun 2024 wata waƙar Ariana Grande ta zama lamba ɗayansa ta 24 a matsayin furodusa, ya wuce George Martin, furodusan Beatles, mai 23 (ba su da dangantaka, suna ne kawai ya zo ɗaya). A ɓangaren rubutawa kuwa Paul McCartney na Beatles ne a kan gaba a lokacin da lamba ɗaya guda 32. A 2025 ya sake komawa aiki da Taylor Swift, shi da Shellback suka haɗa mata albam ɗin The Life of a Showgirl.