Waiwaye: yadda dogon sharaɗin if ya daɗe yana rikita editoci

Duk mai rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python ya san wannan ciwon kan. Sharaɗin if, wato umarnin da ke nufin "idan", ya yi tsawo, ka buɗe baka, wato alamar "(", ka karya shi gida biyu, kana danna Enter sai edita, wato manhajar da kake rubutu a ciki, ya ajiye layi na biyu daidai inda umarnin ƙasa zai fara. Kwamfuta ba ruwanta, domin Python ba ya kula da tazarar da ke cikin baka. Idon mai karatu ne ke kasa gane inda sharaɗi ya ƙare da inda aiki ya soma.

Tun a editan vi, wanda Bill Joy ya rubuta a 1976, akwai autoindent, wato tsarin da ke saka tazara a farkon layi da kansa, amma iyakarsa ya kwafi tazarar layin sama. Editan Vim na Bram Moolenaar ya fito a 1991, daga baya ya zo da cindent, tsarin tazara domin harshen C, sannan Vim 6.0 na 2001 ya bai wa kowane harshe damar kawo nasa tsarin. Duk da haka ƙirga baka ne da kintace, editan bai fahimci ginin jimlar ba.

A ganina laifin ba na edita ba ne kaɗai. Ƙirga da kanka: harafin i, harafin f, fili ɗaya, sai baka. Gurbi huɗu ke nan cif, daidai da tazarar da PEP 8, ƙa'idar salon Python ta 2001, ta tanadar wa umarnin ciki. Ƙa'idar ta amsa cewa akwai wannan karo, amma ta ƙi yanke hukunci. Ta ce ko a bar shi haka, ko a raba da layin sharhi, ko a ƙara tura layi na biyu ciki. To wanne zaɓi edita zai bi? Ga shi kuma pycodestyle, manhajar da ke duba ko an bi PEP 8, yana yi wa zaɓin farko gargaɗi mai lamba E129.

Sauƙi ya zo ne a 2018 da Black na Łukasz Langa, manhajar gyara tsarin rubutun Python, wanda ke barin if da bakarsa a layi guda, ya jera sharuɗɗan a ƙasa, ya rufe bakar a nata layin. Tree-sitter kuwa, kayan aikin da ya shiga editan Emacs 29 a 2023, yana karanta ainihin ginin rubutun. Sai dai a lokacin da mutum ke tsakiyar bugawa, bakar ba ta rufu ba tukuna, don haka har yau edita na iya kuskuren tazara a wannan gaɓar.